Kakin Zuman Falgore da Masu Hawan Igiyar Teku

A gaɓar teku, daga tsibiran Hawai inda abin ya yi asali, har zuwa Dakar da Busuwa ta ƙasar Gana da Tarkwa Be ta Ikko, akwai wani wasa da samari suke yi, inda mutum zai tsaya a kan wani dogon allo, igiyar ruwa ta ɗauko shi tana gudu da shi har bakin gaɓa. Wasan ya bunƙasa har ya shiga Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021. To, da yake allon sumul yake, kuma ruwa yana ƙara masa santsi, ba makawa sai an goga masa kaki kafin a shiga, domin tafin ƙafa ya sami abin kamawa. Sukan fara da mai tauri a ƙasa, su bi da mai taushi a sama, kuma irin da ake gogawa a ruwan sanyi dabam yake da na ruwa mai ɗumi irin namu, wanda ake so ya fi tauri don kada rana ta narkar da shi.

Shekaru da dama galibin wannan kaki na farafin ne, wato abin da ake tsamowa daga man fetur, irin wanda ake yin kyandir da shi. Da masu wasan suka lura cewa duk abin da aka goga sannu a hankali yana bin ruwa, kuma farafin ba ya saurin ruɓewa, sai wasunsu suka koma ga kakin zuma, suna narka shi da man kwakwa da ɗan ƙaron itace.

A nan ne maganar ta iso gida, domin a ƙasar Kano, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, duk wanda ya bi hanyar Jos ta gefen dajin Falgore ya ga amya rataye a kan ɗorawa da kaɗanya, ya kuma ga masu zuma da kwalabensu a bakin titi. Abin da ba ya gani shi ne saƙar da aka matse aka watsar a bayan gida, alhali kuwa masana kiwon zuma sun ƙiyasta cewa ƙudan zuma yakan sha wajen kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin ya fitar da kilo 1 na kaki. Halittar da Allah Maɗaukakin Sarki ya girmama har aka kira sura ta 16 ta Alƙur'ani da sunanta, a ce wahalarta ta ƙare a juji, lalle wannan almubazzaranci ne, ko da mai yinsa bai sani ba. Magabata ba su jahilci darajar kaki ba: dukawa suna murza zare da shi don ɗinki ya yi ƙarko, kuma da shi maƙeran Ife da Binin suke fara siffanta abin da za su zuba da tagulla.

Tace shi ba wuya. A zuba saƙar cikin ruwa mai tsabta, na sama ya fi, a ɗora a wuta marar ƙarfi, domin kakin zuma yana narkewa tun zafi na wajen digiri 62 zuwa 64, kuma tafasa mai tsanani tana ɓata shi. A guji tukunyar baƙin ƙarfe, gama tana duhunta launinsa. In ya narke a tace da ƙyalle, a bar shi ya kwana, da safe a same shi ya daskare a saman ruwa, a kankare dattin ƙasansa.

Mai saye kuwa sai ya yi hattara da algus, don akwai masu haɗa shi da kyandir. Na gaskiya yana ƙanshin zuma, in aka karya shi fuskar karayar takan fito da ɓarzo-ɓarzo ba sheƙi, in aka murza shi da yatsu sai ya yi laushi ya bi hannu. Mai farafin kuwa santsi gare shi da ƙyalli, ƙanshinsa kaɗan.

Amma a ganina akwai sharaɗin da ya fi waɗannan duka nauyi, wato yadda aka ɗebo shi. Har yanzu da yawa sukan je wa amya da dare da bakin wuta na ciyawa, su ƙone ƙudan da 'ya'yansa, wani lokaci wutar ta kuɓuce ta kama daji a tsakiyar rani. Dajin Falgore kuwa ta cikinsa Kogin Kano yake ratsawa, wanda ke cika madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, wadda noman ranin Kadawa da ruwan shan birnin Kano suka dogara da ita. Kakin da aka samu ta haka, kome kyan launinsa, ba za a kira shi mai kiyaye muhalli ba. Hayaƙi kaɗan ya isa ya kwantar da ƙudan, a yanki saƙar da ta nuna, a bar masa mai 'ya'ya, shekara ta zagayo a dawo wa amya ɗaya.

Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai da malaman gona na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su tara masu amya, a koya musu ɗiba da hayaƙi da tace kaki, a kuma nema musu masu saye.