Tumatirin Kura da Bunkure a Ma'aunin Binciken Ciwon Daji

Jan launin tumatirin da ake nomawa da ruwan madatsar Tiga a Kura da Bunkure ya samo asali ne daga sinadarin laikofin, wanda masana suka daɗe suna nazarin alaƙarsa da ciwon daji. Har yanzu ba a tabbatar yana warkarwa ba, don haka majinyacin da ya bar asibiti ya dogara da tumatir, lokaci kawai yake ba cutar. Sinadaran da suka zama magani sai da aka tace su, aka auna ƙarfinsu da gubarsu. Haka aka samo binkiristin daga wani furen Madagaska, ana ba yara masu ciwon dajin jini. Tirabektedin kuwa daga wata halittar teku ya fito, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2007.