Kalmar 'Kaka' da Alamominta a Garakan Lambata

Masu fassara sun daɗe suna daidaita kalmar 'kaka' da lokacin zubar ganye na ƙasashen Turai, har abin ya shiga littattafan makaranta. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna raunin wannan daidaitawa ta hanyar duban garakan Lambata, gari da ke Ƙaramar Hukumar Gurara, kan hanyar Suleja zuwa Minna, inda Hausawa ke zaune cikin ƙasar Gbagyi.

Tun a ƙamusun Bargery na 1934 an danganta kaka da girbi. Ke nan ma'aunin Bahaushe amfanin gona ne, ba kwanan wata ba. Wannan ne ya sa kalmar ta miƙe har aka sami 'kakar zaɓe' da 'kakar wasanni' a bakin 'yan jarida. To amma a Kano, ɗaukewar ruwa da girbin gero kan zo kusan tare, wajen Satumba. A Lambata kuwa ruwa kan kai ƙarshen Oktoba, alhali sabuwar doya ta shiga kasuwa tun a tsakiyar damina. Saboda haka idan aka ce "kaka ta yi", sai a tambaya: kakar me?

Garka, wato ɗan shingen bayan gida, ta fi bayar da amsa. (Ba lambu ba ce, lambu na rani ne, da ban ruwa yake rayuwa.) Kuɓewa kan ƙosa a bar ta don iri, soɓorodo ya yi ja, ganyen kabewa ya ƙone ya tona 'ya'yan da ya ɓoye. A gefen shinge gamba kan fitar da kai, lokacin yankan zana ya ƙarato. Raɓa kan yi nauyi da asuba, kafin hazo ya biyo baya. Bishiyoyi irin su kuka suna zubar da ganye, amma saboda ƙarancin ruwa, ba don sanyi ba.

Shaidar tsuntsaye ta fi ban sha'awa. Shamuwa, wadda Bahaushen Arewa ya sani da albishirin damina, a wannan lokaci take barin sheƙarta ta nufi kudancin Afirka. Shirwa kuma akasin haka: damina na kai ta Arewa, ɗaukewar ruwa ke dawo da ita sararin Lambata, inda daga bisani takan yi shawagi bisa gobarar daji tana cafke fara. Balbela na bin sawun shanun Fulani masu gangarowa. Tsuntsu ɗaya, suna ɗaya, amma saƙon da yake ɗauke da shi ya bambanta tsakanin Katsina da Suleja, kuma ƙamus da ya rubuta ma'anar Arewa kaɗai ya bar rabi.

Akwai giɓi a nan. Sunayen tsirrai da Dalziel ya wallafa a 1916 har yanzu su ne madogarar manazarta da yawa, ga shi kuma yaron da ya tashi a Suleja ta yau da wuya ya bambanta gamba da tofa. Duka 'ciyawa' ce a wurinsa. Hausar wannan yanki ta zauna tare da Gbagyi tun kafin Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, kuma tsofaffin da ke riƙe da sunayen harsunan biyu suna nan a kasuwar doya ta Lambata.