Jiragen Holan a Bangon Mancesta da Bamingam

Duk wanda ya shiga gidan adana zane-zane na birnin Mancesta, a titin Mosley, ya nemi hotunan masu zanen Holan na ƙarni na 17, waɗanda akasarinsu wasiyyar Assheton Bennett ce ta 1979, zai tarar da teku kwance lumui, jirage sun yi cirko-cirko, manyan ƙyallayen da ke kama musu iska sun saki jiki, har inuwarsu ta fito cikin ruwa.

Asalin wannan fanni kuwa shi ne, da malaman ƙasar, mabiya mazhabar Calvin, suka hana sanya surori a majami'u, sai masu zane suka karkata ga attajirai, shi kuwa attajiri babu abin da yake sha'awar gani a bangon ɗakinsa kamar jirgin da ya zama sanadin arzikinsa. Saboda haka ya wajaba kowace igiya da tuta da bakin igwa su zauna a muhallinsu, domin mai sayen ya san jirgi kamar yadda Bafillace ya san saniyarsa. Mai zane Willem van de Velde babba har rundunar yaƙi yakan bi cikin ƙaramin jirgi, ana musayar wuta yana jan alƙalami.

Da fitinar 1672 ta auku, Faransa da Ingila suka far wa Holan, kasuwa ta mutu, sai van de Velde da ɗansa, takwaransa, suka yi ƙaura zuwa Landan, inda Sarki Charles na II ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara, alhali jiya-jiya abokin gaba ne. Shi ya sa gidan tarihi na Bamingam yake da hoton Hampton Court, jirgin yaƙin Ingila, yana fama da guguwa, amma aikin hannun ɗan ne.

Sai dai fa mai kallo ya tuna cewa irin waɗannan jirage ne suka ƙwace ganuwar Elmina daga hannun Fotugal a 1637, a gaɓar ƙasar da fatakenmu ke shiga arewacinta neman goron Gwanja, suka yi ta jidar zinariya da bayi. Masu zanen sun ƙware matuƙa wajen iska da gajimare, amma abin da ke ƙunshe a cikin jirgi ba su cika nuna shi ba. Wanda hanya ta kai shi Mancesta ya leƙa, shiga kyauta ne.