Ɗan Finjalin Gahawar Da Ke Haɗa Maƙwabta a Kyuba

A wannan watan za mu leƙa Kyuba, tsibirin nan da ke kudu da Amurka, mu ga yadda ɗan abin sha da bai wuce kurɓi biyu ba yake riƙe da zumuncin unguwa.

Gahawarsu baƙa ce wuluk, ga ƙarfi, ga zaƙi. A wata 'yar butar ƙarfe ake dafa ta. Da ɗigon farko ya fito sai a zuba shi kan sukari a yi ta bugawa da cokali har ya yi kirtib, sannan a juye sauran a kai, kumfa ta taso. Sai a zuba a finjali ƙanana. Ƙamshinta kuwa ba ya ɓoyuwa, don haka da wuya mace ta ɗora buta ba ta miƙa wa ta kusa da ita ba. Baƙo ma da ita ake tarbarsa, ko ya zo da sanarwa ko bai zo da ita ba.

Kada ki ɗauka yalwa ce ta kawo haka. Tun 1962 gwamnatin ƙasar ta fito da littafin rabon abinci, kuma shekara da shekaru abin da mutum ɗaya ke samu na gahawa bai wuce giram 115 a wata ba. A 2011 aka koma gauraya ta da gasasshen wake don ta auku, har mata na kukan yana toshe musu buta. A cikin wannan ƙuncin ne ake ɗiban ta maƙwabciya. Wadda tata ta ƙare kafin wata ya mutu ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, gobe kuma ita za a zo wa. Ni dai abin ya tuna mini da wasiyyar Manzon Allah (SAW) ga Abu Zarri kan ƙara ruwa a miya saboda maƙwabta.

Da dubban 'yan Kyuba suka yi ƙaura zuwa birnin Miyami bayan juyin juya halin 1959, da al'adar suka tafi. Can akwai 'yan tagogin shaguna da ake sayar da ita a tsaye. Mutum zai sayi babban kofi guda da suke kira kolada, a haɗa masa da ƙananan kofunan roba biyar ko shida, don ba a yi shi domin mutum ɗaya ba. Ya isa wajen aiki ya bi kowa da nasa. Kafin a shanye an ji wa ke kwance ba lafiya, wa ke neman aiki, 'yar wa ta haihu. A 2013 har birnin ya ayyana ƙarfe 3:05 na yamma a matsayin lokacin shan ta.