Wa zai biya kuɗin sola a Janbako?

A Janbako da ƙauyukan Maradun, Bakura da Talata Mafara, mai injin niƙa da man gas yake aiki, mai noman rani kuma da fetur yake ba shuka ruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ribar manomi tana ƙarewa ne a gidan mai. Abin takaici, Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 tana nan kusa, amma duk da haka sai da fetur ake ban ruwa.

Sola ce mafita, sai dai rana kyauta ce, kayan sola ne ke da tsada. Farantai da batura sai an biya su gaba ɗaya, shi kuwa mai ana sayensa lita-lita. Saboda haka ake buƙatar tallafi. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, ƙarƙashin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. A shirin, kamfani ne ke gina ƙaramar tashar sola, ya karɓi tallafi gwargwadon gidajen da ya haɗa, jama'a su riƙa biya ta mita.

Sai dai kamfani ba ya kai jarinsa inda 'yan bindiga ke tare hanya. Wajibi ne gwamnatin Zamfara ta tsare hanyoyin wannan yanki, ta kuma nemo masa kasonsa na tallafin.