Muryar shugaba da zancen AI: Julie Sweet da Sarah Franklin

Yau mata biyu zan ɗauko muku. Kowacce shugabar kamfani ce, kuma kowacce sai da ta tsaya ta gaya wa mutane cewa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, za ta sauya yadda suke aiki.

Ta farko Julie Sweet ce, shugabar Accenture tun 2019, kamfanin ba da shawara mai ma'aikata sama da dubu 770. A watan Yunin 2025 ta bayyana shirin haɗe manyan sassa biyar na kamfanin wuri guda, aka kira sashen Reinvention Services. To ta yaya za a sanar da wannan ɗimbin jama'a? Ba ta aika takarda ba. Bidiyo ta yi. Daga baya ta shaida wa mujallar Fortune cewa rubutu ba zai isar da dalilin sauyin ba kamar yadda jin muryarta zai isar.

Gaskiya ni wannan ya burge ni. Saƙon rubutu da saƙon murya a WhatsApp ma ai ba ɗaya ba ne, balle maganar da ta shafi abincin mutum.

Amma fa ku saurari ci gaban. A watan Satumba, tana yi wa masu hannun jari bayani, ta ce waɗanda ba za a iya sake horar da su kan AI ba, za a sallame su cikin gaggawa. Kamfanin ya ware dala miliyan 865, akasari kuɗin sallama, kuma cikin wata uku ma'aikata sun ragu daga dubu 791 zuwa dubu 779. Ta ce an horar da fiye da dubu 550, haka ne. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, labari mai daɗi ma'aikata aka yi wa, mai ɗacin kuwa a taron masu kuɗi ya fito fili. Ba ta yi ɓoye-ɓoye ba, wannan kam na yaba mata, amma wa aka fara gaya wa?

Ta biyun, Sarah Franklin ta kamfanin Lattice da ke Amurka, nata ya zo da tangarɗa. A Yulin 2024 ta sanar cewa manhajarsu ta kula da ma'aikata za ta buɗe wa AI fayil kamar ɗan'adam, da shugaban da zai sa masa ido, har da gurbi a tsarin ofis. Ta yi murnar cewa su ne na farko, alhali mutane na fargabar rasa aiki. Aka yi mata ca a LinkedIn, har da ma'aikatan fannin da take son sayar wa manhajar. Kwana uku kacal kamfanin ya janye shirin.