Dangin ciyawar junkus a ƙasar ƙanƙara

Yau za mu tafi nesa, can ƙarshen duniya ta arewa, yankin da ake kira Aktik. Ya ƙunshi arewacin Kanada, da Alaska, da babban tsibirin Girinlan, da tsibiran Sibalbad na ƙasar Norwe, da arewacin Rasha. Itace ba ya tashi can. Ko a watan Yuli, wanda shi ne mafi ɗumi, zafi ba ya yawan wuce digiri 10. Amma akwai ciyawar da ke tsira a wurin, tana fure, tana yin iri. Masana tsirrai suna kiran danginta junkus.

Dangin nan yana da iri sama da 400 a duniya. A Aktik gida biyu ne ake samu, junkus kansa da ɗan uwansa luzula.

In kun gan su daga nesa za ku ce ciyawa ce kamar kowace. To, ku ɗauki karan hatsi ku duba, yana da gaɓa-gaɓa. Ku ɗauki karan aya, wadda ake nomawa da yawa a jihar Maraɗi, ku murza shi tsakanin yatsu, za ku ji kusurwa uku. Karan junkus mulmulalle ne kamar tsinke, ba gaɓa, ba kusurwa, kuma cikinsa totuwa ce fara mai laushi. Wannan ita ce alama ta farko. Da irin wannan kara ne, na wani dogon junkus, mutanen Japan suke saƙa tabarmin ɗakunansu. Na Aktik dai gajeru ne, ba su isa saƙa ba.

Alama ta biyu tana ga fure, kuma ta fi ta farko tabbas. Furen ƙarami ne ƙwarai, launin ƙasa-ƙasa ko baƙi-baƙi, ba shi da ƙamshi. Duk da ƙanƙantarsa cikakke ne: ɓawo shida suna kewaye da shi, uku waje uku ciki, sannan zaren namiji shida, wani lokaci uku, sannan macen a tsakiya da kanta rabe uku. In ya nuna sai ya zama ɗan kwanso mai tsagewa gida uku. A nan ne ake rabe gidajen biyu. Kwanson junkus cike yake da iri barkatai, ƙanana kamar ƙura. Kwanson luzula ƙwaya uku kawai gare shi. Ganyensu ma ya bambanta. Na junkus siriri ne, sumul, ba gashi. Na luzula shimfiɗaɗɗe ne kamar na ciyawa, da dogon farin gashi a gefensa.

Yanzu tambaya ita ce, ta yaya suke rayuwa a wurin da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata takwas ko tara?

Ku tuna da ƙarangiya. Ruwa na sauka ta tsiro, ta yi iri cikin damana ɗaya, ta mutu, irin ya kwanta cikin rairayi yana jiran baɗi. Wannan dabara ba ta ci a can arewa. Lokacin ɗumi wata biyu ne, da ƙyar ya kai uku, kuma wata shekara sanyi kan dawo kafin iri ya nuna. Ciyawar da ta dogara ga iri kaɗai za ta ƙare cikin shekara ɗaya maras kyau. Saboda haka junkus da luzula na can arewa halin gamba gare su. Sama ya bushe, tushe yana nan da rai, ya ajiye abinci. Ƙanƙara na narkewa sai su toho daga tushen, ba su jiran iri ya tsira. Busassun ganyen bara kuma ba su faɗuwa, suna nan lulluɓe da gindi kamar bargo.

Ƙasar kanta abin mamaki ce. Daga ƙasa a daskare take rani da damana, sama-sama ne kawai ke narkewa, wani wuri ya kai mita ɗaya. Ruwan da ke sauka a wasu sassan bai kai milimita 200 ba a shekara, wato bai kai na Tawa ba. Amma da yake ƙanƙarar ƙasa ta tare shi, ba ya nutsewa, sai wuri ya zama dausayi. Saiwar da ke cikin irin wannan taɓo tana bukatar iska. Cikin karan junkus da saiwarsa akwai ƙananan ramuka da iska ke bi daga sama ta kai ƙasa, shi ya sa ba ya ruɓewa inda wasu tsirrai za su shaƙe.

Ƙudan zuma da sauran ƙwari ba su da yawa can, kuma ranar da sanyi ya tsananta ba su tashi. Dangin nan ba ruwansa da su. Iska ce ke ɗaukar bununinsa, kamar yadda take yi wa hatsi, kuma sau da yawa fure ɗaya kan wadatar da kansa.

Ga biyu daga cikinsu. Na farko shi ne junkus bigulumis, wanda masanin nan na ƙasar Suwidin, Line, ya raɗa wa suna a 1753. Tsawonsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba. Kara ɗaya yake fitarwa, da fure biyu a kai, ɗaya bisa ɗaya. Yana son jiƙaƙƙar ƙasa tsirara wadda sanyi ya tsattsaga, inda ba mai takara da shi. Na biyu luzula konfusa ne, mai son tudu da tsakuwa. Yana tashi a dunƙule, kansa baƙi. Ana samunsa har arewacin Girinlan, sama da digiri 80, kusa da iyakar inda tsiro yake ƙarewa. A Sibalbad barewar can mai ƙaho rassa-rassa tana kiwonsa.

Abin da ke damun masana yau shi ne ɗumama. Daga 1979 zuwa 2021 Aktik ya ɗumama kusan ninki huɗu bisa ga matsakaicin duniya. Kuna iya cewa ai ɗumi alheri ne ga tsiro. Ga gajeren tsiro kamar bigulumis ba lallai ba ne. Ƙarfinsa shi ne jure abin da wasu ba su iyawa. In sanyi ya sassauta, ƙananan itatuwa da dogayen ciyayi suna matsowa daga kudu, su yi masa inuwa. In kuma ƙanƙarar ƙasa ta narke da zurfi, a wasu wurare ruwa sai ya nutse, dausayin da yake tsira a ciki ya bushe.